Yadda ake haɗa mota ɗaya a tafi Shafa hutun ƙarshen sati, a kwana a ɗakin katako

Assalamu alaikum 'yan uwa na Jidda da Makka. Tun da muka dawo daga Shafa, wajen shan iskar nan da ke kan duwatsu gaba da garin Ɗa'ifa, duk wanda na haɗu da shi a masallaci ko a bagala wato kantin unguwa sai ya tare ni, nawa kuka kashe, ina kuka kwana, motar waye, hanyar ba tsoro? Toh gara in zauna in faɗe shi gaba ɗaya yadda muke yi, domin wallahi ina jin ciwon yadda mutanenmu za su shekara goma sha a Jidda cikin wannan zafi da gumi, daga dawam wato aiki sai ɗaki sai ƙarar mukayyif wato na'urar sanyaya ɗaki, alhali awa biyu da 'yan mintuna ne tsakaninsu da wajen da ake kwana da bargo a tsakiyar watan Yuli. Ba sai kana da mota ba, ba sai kana da kuɗi masu yawa ba. Mutum huɗu ko biyar ku haɗa kai, mota ɗaya, ɗaki ɗaya na katako a kan dutse, shikenan. Amma tafiyar tana gyaruwa ne ko ta lalace tun kafin a tada mota, shi yasa zan fi daɗewa a kan abin da ake yi a gida.

Mataki na farko shine mutanen. Kar ku wuce kujerun motar. In motar mai mutum biyar ce toh biyar ne har da direba, kuma gaskiya huɗu ya fi daɗi saboda kaya, don barguna da tukunya da katon ɗin ruwa suna cin waje fiye da yadda kake zato. Wannan abin da muke yi a gida na "a matsa a ɗan sa shi a gaba" a manta da shi, a nan kyamara tana ɗaukar wanda bai ɗaura bel ba, kuma hanyar dutse ce. Sannan kowa ya duba igamarsa, wato takardar izinin zamansa a ƙasar, tana da rai. Wannan maganar tana da nauyi amma dole a faɗe ta, akwai tafatish wato shingen binciken jami'an tsaro a hanya, in ka ɗauki ɗan uwan da takardarsa ta mutu ba taimakonsa ka yi ba, ka kai shi inda za a tsayar da shi ne, kuma mai motar ma ya shiga uku. A yi maganar a fili cikin mutunci tun ranar farko, wanda tashi ba ta daidai ba a yi masa alƙawarin zuwa na gaba, a kawo masa rumman.

Ku duba kuma halin juna. Wani so yake ya je ya kwanta ya huta, wani so yake a zaga duk garin Ɗa'ifa a yini ɗaya, in ba a daidaita ba tun a gida toh a can za a yi ta cacar baki a kan makullin mota.

Na biyu motar, kuma nan ne mutane suka fi sakaci. Hanya biyu ce, ko motar ɗaya daga cikinku ko ku yi haya. In ta ɗayanku ce, a duba istimara wato rajistar motar ba ta ƙare ba, ta'amin wato inshora yana aiki, fahas wato takardar gwajin lafiyar mota ma haka. Sai abin da da yawa ba su sani ba ko suke raina shi, wato tafwid. In wani ne zai karɓi tuƙi a hanya ba mai motar ba, mai motar ya shiga manhajar gwamnati ta Absher ya yi masa tafwid, wato izinin tuƙa motar, shi kuma ya amince ta wayarsa, minti biyar ne. Amfaninsa in Allah ya kawo tsautsayi ko aka tsayar da ku, an san da izini yake tuƙa motar, kuma ba za a tsaya ana jayayya da kamfanin inshora ba. Direba na biyu lallai ya kasance yana da lasisin nan mai rai, ba wai "ai na iya mota tun a Kano" ba. In mata ne za su haɗa tafiyarsu su ma haka dokar take, tun 2018 mata ke tuƙi a ƙasar nan, kuma na ga Hajiyoyi suna hawa dutsen Hada na hanyar Ɗa'ifa da kansu lafiya lau.

In haya ce, ku tambayi abu uku kafin a sa hannu: kilomita nawa aka ba ku a rana kuma nawa ne kuɗin duk kilomitar da ta haura, inshorar cikakkiya ce ko kuwa akwai kason da za ku biya in an samu haɗari, sannan a rubuta sunan direba na biyu a cikin kwantiragin. Ku zaga motar da waya kuna bidiyo kafin ku fita da ita, har rufinta da tayoyi da gilas da inda allurar mai ta tsaya. Kar ku zaɓi ƙaramar mota mai ƙaramin inji don ta fi araha sannan ku loda mata ƙarti biyar da kaya, za ta hau amma da kuka za ta hau, kuma za ku ji tausayinta.

Ko ta waye motar, kwana ɗaya kafin tafiya a kai ta wajen mai banshar wato mai facin taya. A duba iskar taya har da safaya, a tabbatar jak da sifana suna ciki, a duba ruwan lagireto, baƙin mai, man birki, sannan a sa makaniki ya leƙa takalman birkin da idonsa. Wannan na birki kar a ce sai an dawo. A duba waifa da fitilu ma saboda hazo.

Akwai wata magana da nake so a fahimta. Raba kuɗin mai tsakanin abokai daban, ɗaukar fasinja a motar gida don a biya ka daban, shi na biyun shine kaddada kuma hukuma tana kamawa tana cin tara mai zafi. Don haka kar mai mota ya ce tunda akwai kujera ɗaya bari in tsaya a bakin hanya in cike da wani ya rage min kuɗin mai. Ku da kuka san juna ku kaɗai.

Na uku shine gatta, wato karo-karon. Mu yadda muke yi, ana naɗa mutum ɗaya ma'aji, ba direba ba, kowa ya tura masa kasonsa zuwa ranar Laraba, shi zai biya komai kuma yana rubutawa a waya. Wanda bai tura ba har Laraba da dare toh bai shirya ba, ba fushi ba gaba. Lissafin mai ba wuya. Daga Jidda zuwa Ɗa'ifa kusan kilomita 170 ne, Shafa kuma tana gaba da garin da kamar 25 zuwa 30, in ka haɗa zuwa da dawowa da ɗan yawo a can ka ɗauka 450 zuwa 500. A ce motar tana shan lita 10 a kilomita 100 saboda hawa da kaya, lita 50 kenan, fetur 91 kuma riyal 2.18 ne lita, 95 riyal 2.33, kaga bai wuce riyal 110 zuwa 120 ba. A raba wa mutum huɗu, riyal talatin-talatin. Daga Makka ma ya fi haka sauƙi tunda ta Hada bai kai kilomita 100 ba.

Ra'ayina, kuma na tsaya a kai, mai motar kar a sa shi cikin kuɗin mai. Tayarsa ce ke ci, birkinsa ne ke ci, shi ne ba zai yi barci a hanya ba alhali ku kuna gyangyaɗi. A bar masa wannan, a kuma wanke masa motar in an dawo daga cikin gatta. Sai maganar mukalafa wato tarar karya dokar hanya, ita ce take raba abokai. A faɗa tun a gida: in Sahir, wato kyamarar hukuma ta kan titi, ta ɗauki gudu ko waya a hannu, na wanda ke kan sitiyari ne a lokacin, in ta bel ce na wanda bai ɗaura ba ne. Saƙon yana iya zuwa bayan an dawo kowa ya watse, kuma sunan mai motar zai hau, na ga zumuncin shekaru ya yi tsami a kan abin da bai kai albashin kwana uku ba, kawai don ba a yi maganar da wuri ba. Ma'aji kuma ya ajiye wani abu a gefe na ko-ta-kwana, in ba a taɓa ba a mayar wa kowa.

Na huɗu ɗakin. Larabawa suna ce masa kuk, jam'insa akwak, in kana bincike da wannan kalmar za ka nema, ka haɗa da Shafa ko Hada. Akwai manhajar Gathern da mutane suka fi amfani da ita, akwai kuma masu tallata nasu da kansu. Ni dai na fi natsuwa da wanda ke da lasisin ma'aikatar yawon buɗe ido kuma aka biya ta manhaja, saboda in an samu matsala akwai inda za ka kai kuka. Wanda zai ce maka ka tura arbun wato kuɗin kafin alƙalami zuwa wani asusu tun ba ka ga komai ba sai hoto, a yi hankali da shi sosai.

Hoto yana ruɗi. Zuwanmu na farko mun ga ɗaki a hoto kamar a ɗauke shi a gudu, katako ja, baranda tana kallon kwari, muka biya. Da muka isa bayan magariba ashe barandar bango take kallo, na'urar ruwan zafi ba ta aiki, barguna biyu ne mu huɗu, kuma hanyar shiga ƙasa ce da duwatsu har ƙasan motar yana gogawa, sai da uku suka sauka suka taka. Dattijon da ke cikinmu, wanda muke ce wa Baba Alhaji, shi ya fi shan wahala, alwalar asuba da ruwan kamar ƙanƙara, hannunsa na rawa, ya dube ni ya ce "Yaro, gobe in za ka kama ɗaki ka tambayi ruwa kafin ka tambayi kyau." Na ce "To Baba, in sha Allahu." Tun daga ranar ga tambayoyin da nake tura wa mai ɗaki kuma sai ya amsa a rubuce: akwai ruwan zafi kuma yana aiki yau, akwai daffaya wato na'urar ɗumama ɗaki, barguna nawa, kwalta ta kai har ƙofa ko sai an bi ƙasa, ƙaramar mota tana shiga, akwai murhun gas da tukunya, akwai wurin gashi a waje, sabis ɗin waya yana kamawa, ƙarfe nawa ake shiga ƙarfe nawa ake fita, nawa ne kuɗin ajiya na ta'amin kuma yaushe ake mayarwa. In ce masa ya turo bidiyo na yanzu daga bakin titi har cikin banɗaki. Mai gaskiya ba ya jin haushin wannan.

Abu ɗaya da ake mantawa, wasu wuraren na iyali ne kawai, ba sa karɓar uzzab wato gwauraye ko maza zalla. Ka faɗa masa ku waye tun farko, maza huɗu ne ko iyali biyu ne da yara, kar ku je bakin ƙofa da dare a ce a'a. In iyali biyu ne a nemi mai ɗaki biyu da banɗaki biyu don mata su sake.

Farashi yana tashi daren Alhamis da daren Juma'a, ya fi tashi a lokacin hutun makaranta na bazara da ranakun Sallah, saboda duk ƙasar nan take tururuwa, ai tun da can Ɗa'ifa ce wajen shan iskar mutanen Makka da sarakuna. Wanda dawam ɗinsa ya ba shi hutu a tsakiyar sati ya more. Hada ko Shafa? Hada ta fi kusa da mu kuma ta fi mutane da gidajen abinci da hayaniya, Shafa ta fi nisa, ta fi sanyi, ta fi shiru, itatuwan ar'ar ko'ina. In hutu kake nema na gaske ka ƙarasa Shafa.

Na biyar kaya. Ɗa'ifa kanta tana sama da mita 1,800 daga teku, Shafa ta haura 2,000, don haka ko da rani ne ka ɗauki rigar sanyi da safa, da hunturu kuwa sai farwa wato babbar rigar sanyi mai kauri da hula, yara a ninka musu. Mutumin Jidda jikinsa ya manta sanyi, ka ga ƙato ya fito da jallabiya shara-shara da silifas, ƙarfe goman dare haƙoransa na haɗuwa. Abinci a sayo daga gida ya fi araha: shinkafa, nama ko kaza a cikin kula da ƙanƙara, albasa, mai, yaji, kayan shayi, burodi, ƙwai. Mu ƙuli-ƙulin da aka kawo mana daga gida muke dakawa mu yi yajin tsire, a yanka naman a tsire shi tun a Jidda a sa a leda, can sai gashi kawai. Ruwan sha katon biyu. Tocila, cajar mota, wayar wuta mai baki da yawa, ledar shara, sabulu, darduma, buta. Mai shan maganin hawan jini ko suga ya sa nasa a aljihu ba a cikin but ba, kuma wanda mota ke juya wa ciki ya sha magani kafin a fara hawa ya zauna gaba.

Gawayi da itace kuma ku saya a shago, wanda aka shigo da shi daga waje. Kar wanda ya je ya karya reshe ko ya tsinci itace a dajin, doka ta hana sare itatuwan ƙasar da amfani da itacensu, haka kunna wuta a inda ba a ware ba, akwai jami'an tsaron muhalli suna zagayawa kuma tararsu ba wasa. Ko ba tara ma, itatuwan nan shekaru aru-aru suka yi kafin su kai haka.

Na shida ranar tafiya. Hutu a nan Juma'a da Asabar ne, toh ko ku tashi Alhamis bayan la'asar in dawam ya bari, ko Juma'a bayan asuba. Ni na fi son na Juma'a da sassafe, hanya ba kowa, direba ya yi barcinsa, ku hau dutsen da hasken rana, ku karya da ful da tamis a Ɗa'ifa, ku yi sallar Juma'a a masallacin Abdullahi ɗan Abbas da ke tsakiyar gari, a nan Ɗa'ifa ya rasu Allah ya ƙara masa yarda, sannan ku ci abinci ku ƙarasa Shafa daidai lokacin da ake ba da makulli, don yawanci sai bayan azahar ko la'asar ake shiga. Tafiyar Alhamis da dare tana da matsala biyu, cunkoso da gajiya, mutum ya wuni yana aiki sannan a ɗora masa kwanoni a cikin duhu.

Hanyar hawa biyu ce. Akwai ta Hada, gajeriya, ita ce mai kwane-kwane a jikin dutse daga wajen da ake kira Kar a gindin dutsen har sama. Akwai ta Sail, ta fi tsawo amma hawanta a hankali yake. In direbanku bai taɓa hawa dutse ba, ko an ce akwai ruwan sama ko hazo, ku bi Sail, ba abin kunya bane. Ana rufe ta Hada wani lokaci in yanayi ya ɓaci ko ana gyara, don haka a duba sanarwa da safen kafin a fita. Daga Jidda kuma akwai hanyar da take kewaye Makka ba sai an shiga gari ba, ita ce mafita a lokacin aikin Hajji da ake hana shiga Makka sai da tasrihi wato takardar izini. A cika tanki kafin a fara hawa. A sauke taswira a waya tun a gida saboda akwai lungunan da sabis ke ɗaukewa, a kuma ajiye lambar mai ɗakin a waya biyu.

A hawa, ka tsaya a layinka, kar ka biye wa yaran da ke wuce ka kamar walƙiya. Idonka a kan allurar zafi, in ta fara tashi ka kashe mukayyif ka buɗe gilas, in ta ci gaba ka nemi wajen tsayawa mai faɗi, kar ka buɗe murfin lagireto da zafinsa. Kunnuwa za su toshe, haɗiye yawu kawai. In hazo ya sauko, kuma yana saukowa ne kamar an yaye labule an mayar, yanzu kana ganin kwari yanzu ba ka ganin motar gabanka, ka rage gudu, ka kunna ƙaramar fitila ba babba ba don babbar dawo maka take yi a ido, ka bar tazara, kuma kar ka tsaya a tsakiyar titi don ɗaukar hoto.

Sai birai. Suna nan garke-garke a bakin hanyar Hada, manya masu gashin wuya da uwaye da 'ya'ya a bayansu, yara za su yi ta ihu a tsaya a tsaya. Ku kalle su ta gilas a rufe. Kar a ba su abinci, hukuma ta hana, kuma ba su da kunya ko kaɗan, a gabana wani ya fizge ledar burodi daga hannun wata yarinya ta tagar motar da ke gabanmu, kafin uban ya juyo har ya haye dutse ya zauna yana yagar ledar, yarinyar kuwa kuka har muka wuce. Cizonsu asibiti ne. A ɗakin ma kar a bar abinci a baranda a shiga ciki.

Na bakwai, in kun isa. Kafin a sauke kaya ma'aji ya zaga da waya ya ɗauki bidiyon komai, abin da ya tarar a fashe ya tura wa mai ɗakin nan take don kar a cire a kuɗin ajiya. A kunna ruwan zafi a gwada, a gwada gas, a tambayi alƙibla. Maganar sallah kuwa tafiyar ta kai ta kasaru, an ruwaito Ibn Abbas yana kasaru a tafiya irin ta tsakanin Makka da Ɗa'ifa, balle wanda ya taso daga Jidda.

Yanzu ga maganar da nake roƙonku da girman Allah ku riƙe. Kar a shigar da gawayi mai wuta cikin ɗaki a rufe ƙofa. Na san yadda abin yake, an gama gashi, garwashin ya yi ja gwanin sha'awa, sanyi ya sauko, wani zai ce a shigo da shi mu ji ɗumi. Garwashi yana fitar da iskar da ba ta da wari ba ta da launi, ba za ka ji komai ba sai ɗan ciwon kai da barci mai daɗi, kuma mutane suna kwanciya a haka ba su tashi ba, duk shekara jami'an difa'ul madani wato 'yan kwana-kwana suna gargaɗi a kan wannan. Ga shi ɗakin katako ne. A kashe wutar da ruwa a waje kafin a kwanta, daffaya kuma a nesanta ta da bargo da labule, kar a shanya mata kaya a kai. In wani abu ya faru 911 ake kira a yankin Makka gaba ɗaya har Ɗa'ifa, in kuma ɗan karo ne na mota ba rauni, a kai rahoto ta manhajar Najm.

Sauran kuma ba sai an koya wa kowa ba. A shimfiɗa darduma a waje, a ɗora shayi, tsire na kan wuta, a yi hira har dare ya raba. Ni abin da yake mayar da ni kullum shine bayan asuba, ka fito da bargo a kafaɗa da kofin shayi a hannu, gajimare yana ƙasa da kai ya cika kwarin fal kamar an zuba auduga, ba ƙarar mota ba ƙarar mukayyif, sai zakara daga wata gona can ƙasa da ƙamshin itacen ar'ar mai danshi. Baba Alhaji ya daɗe a tsaye a wajen rannan bai ce komai ba, can ya ce rabonsa da jin irin wannan sanyin tun hunturun garinsu yana saurayi, sai na ga yana goge ido da bakin rawaninsa. A bar wayoyi a ɗaki ko na awa ɗaya ne.

Ranar Asabar in an mayar wa mai ɗaki makulli akwai sauran lokaci. A watan Maris da Afrilu ake tsinkar wardin Ɗa'ifa, da sassafe ake yi, kuma wasu gonaki da wuraren da ake dafa shi a tukwanen tagulla ana fitar da ruwan wardi da turare suna barin baƙi su shiga su gani. Da bazara kuma lokacin 'ya'yan itace ne, inabi, ɓaure, barshumi mai ƙaya wanda mai sayarwa zai fere maka a take, sai rumman daga baya, duk a bakin hanya, a yi ciniki. Inabin nan in na gan shi sai in tuna Addas da ya kawo wa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, inabi a ranar da mutanen garin suka jefe shi, akwai masallaci da sunansa a unguwar Masna, yana da kyau a kai yara a ba su labarin a wajen. Masu son hawa talfirik, wato motar da ke tafiya a sama a jikin igiya, yana nan tsakanin Hada da Kar. Abincin rana a ci salik, shinkafar da ake dafawa da romo da madara har ta yi laushi kamar fate, abincin garin ne. Zuma kuwa a yi hattara, ba duk wadda aka ce ta dutse ce take ta dutse ba. Kar dai a cusa komai a yini ɗaya, a zaɓi biyu.

Mai niyyar yin Umra a hanyar dawowa ya taho da haraminsa ya kuma yi rajista a manhajar Nusuk tun da wuri, miƙati yana kan hanya, ta Sail akwai Ƙarnul Manazil, ta Hada akwai Wadi Muhrim. Amma a sanar da direba tun a gida, kar a ɗora masa ɗawafi da sa'ayi da tuƙi zuwa Jidda alhali Lahadi da safe yana da dawam.

Na ƙarshe saukowa, kuma ita ta fi hawa haɗari. Ku taso da rana, kafin la'asar in da hali, don yammacin Asabar kowa ke saukowa. Direba ya yi ƙailula, kar a ba wanda ya kwana hira tuƙi. Ka sa motar a ƙaramin giya, in otomatik ce ka mayar da ita 2 ko L ko ka rage da hannu, inji ya riƙe ta, birki kuma ka taka ka saki, ka taka ka saki, kar ka ɗora ƙafa a kai tun daga sama har ƙasa. Birki in ya yi zafi sosai ƙafarka za ta nutse ba abin da zai kama. Mu ya taɓa faruwa da mu rabin hanya, wari kamar ana ƙona roba ya cika motar, wanda ke tuƙi ya ce "Yaya, birkin nan ya yi laushi fa," mai motar ya ce "Shiga nan gefe, kar ka ƙara ko taku ɗaya." Muka tsaya a wani fili kusan minti arba'in, hayaƙi na tashi daga tayar gaba, ba wanda ya zuba mata ruwa don ruwan sanyi yana iya lanƙwasa faifan birkin, sai da ya huce muka ƙarasa a giya na biyu kowa na salati. Na kusa da direba aikinsa kenan, ba barci, shi ke riƙe waya da taswira, shi ke miƙa ruwa.

In an shigo gari a cika tanki kamar yadda aka same shi, a kai motar wanki, a kwashe shara da ɓawon rumman daga ƙarƙashin kujeru. Ma'aji ya tura lissafi a daren, abin da ya shiga da abin da ya fita, canji a mayar wa kowa har riyal ɗaya, in kuɗin ajiyar ɗakin bai dawo ba ya bi sawu. Bayan sati ɗaya mai motar ya leƙa Absher ya ga ko akwai mukalafa, in akwai a duba rana da lokaci a san waye ke kan sitiyari.